Baƙin Fenti a Ƙarƙashin Wayar Batir

Akwai wata dattijuwa a wani ƙauye kusa da garin Dokkum, can a ƙasar waje mai tsananin sanyi, sunanta Hiltje. Mijinta Sjoerd ya rasu ya bar mata tsohuwar motarsu ta yawo, irin mai gado da murhu a ciki. A cikinta suka yi amarci, a cikinta 'ya'yansu suka koyi rarrafe. Ga mai wucewa tsohon gwangwani ne, amma a wurin Hiltje mijinta ne da bai gama tafiya ba.

Kamar kowa a yankin, idan hunturu ya shigo sai ta kai motar tsohon ɗakin shanun Wiebe, inda motoci ke kwana har sanyi ya wuce. Wiebe kuwa aminin marigayi ne tun suna yara. Har gawarsa da shi aka ɗauka.

Da bazara ta zo Hiltje ta je ɗaukar mota, sai mota ta haukace. Ta taka birki, sigina ta kama ƙiftawa. Ta kunna famfon ruwa, fitilun gaba suka dushe. Ta murɗa makulli, inji ya yi ƙas-ƙas ya yi shiru.

Wiebe ya leƙa ciki, ya girgiza kai kamar likita a kan gawa.

"Matar abokina, wayoyin nan duk sun ruɓe. Wata rana wuta za ta tashi kina barci a ciki. Me zan ce wa Sjoerd idan mun haɗu?"

"To ya zan yi, Wiebe?"

"Ki bar min ita kawai, in rage miki wahala. Ko ba komai na ciri 'yan ƙarafa."

Hiltje ta koma gida kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki. Ta yi kuka har ta gaji, daga baya ta haƙura. Mutum ai ba ya zargin wanda ya riƙe shi ranar jana'iza.

Ranar da za ta miƙa makulli ta je da kwali don kwashe kayanta. Wiebe ya tarbe ta baki har kunne.

"Ki yi a hankali, bari in dafa mana kofi. Akwai kek ɗin tuffa ma."

"Kai da rowar tsiya? Yau rana ta ina ta fito?" in ji ta, ta yi murmushin ƙarfin hali.

Yana fita ta buɗe ƙarƙashin kujera, sai ta ci karo da doguwar wayar jona batir. Ta tsaya tana kallonta. Shekara da shekaru ita ce mai riƙe wa Sjoerd tocila idan yana gyara, kuma kunnenta ya sha jin mitarsa: duk wutar da ta fita daga batir, ta jikin mota take komawa. Idan hanyar komawa ta toshe, sai ta kutsa ta kowace fitila, mota ta zama kamar mai aljanu.

Ta ce a ranta, gwaji ba ya hana bayarwa. Ta maƙala bakin wayar guda a kan baƙin kan batir, ɗayan ta maƙala a tsurar ƙarfen mota. Ta taka birki, sigina ba ta motsa ba. Ta murɗa makulli, inji ya tashi garau.

Ashe hanyar komawar wuta ce ta toshe. Ta ɗauki sufana ta kwance notin da ya ɗaure wayar batir a jikin mota. A ƙarƙashin wayar ta ga baƙin fenti, sabo fil, an shafa shi da kauri daidai inda ƙarfe zai taɓa ƙarfe, don kada wuta ta wuce. Babu ɗigon fenti a ko'ina sai nan. An kwance, an shafa, an jira ya bushe, an mayar an ɗaure tamau. Wannan ba aikin tsatsa ba ne, aikin hannu ne.

Wiebe ya shigo da faranti, ya ji inji yana kuka, ya daskare a bakin ƙofa.

"Wiebe, wa ke da makullin ɗakin nan ban da kai?"

Ya ce, "Hiltje, ki fahimce ni. Ke ba za ki iya da ita ba. Rabin motar nan da hannuna aka haɗa ta."

"Shi ya sa ka tsorata ni da wuta? Ka sa na kwana ina kuka, kai kana nan kana jiran fenti ya bushe?"

Ta kankare fentin da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ta mayar da waya ta ɗaure. Ta hau kujera ta sauke gilashi.

"Idona ya fara rauni, tafiyar bana ce ta ƙarshe. Na riga na faɗa wa yara, ina dawowa kai zan ba wa, kyauta, saboda Sjoerd. 'Yan watanni kawai ka kasa jira."

Ta ja mota ta fita, ta bar shi tsaye da kofi yana hucewa a hannu. Da lokacin kaka ya zo, ta ba jikarta motar. Wiebe kuwa duk ranar kasuwa sai ya ga motar ta wuce ta ƙofar gonarsa, fitilunta na aiki lafiya lau, ba mai ɗaga masa hannu.

Darasi: Kwaɗayi mabuɗin wahala. Wanda ya ci amana don ya yi gaggawar samu, sau da yawa rabonsa yake kashewa da hannunsa, ya haɗa da mutuncinsa. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman waɗanda aka ba ajiya.