Wutsiyar Kurege Dillalin Ramuka

Ga ta nan tafe, ku gyara zama.

Jifan masu gona ya ishi Kurege, yunwa kuma ba ta san uzuri ba, sai ya koma dillancin ramukan haya. To, dajin da dokarsa. Duk dillali sai ya shiga Zauren Koke, inda Giwa ke tsoma masa wutsiya a rinin baba. In mai shuɗiyar wutsiya ya ba ka mugun rami, ka kai kuka, a tilasta masa gyara. Marar shuni kuwa Ɓauna ce ke kama shi, a raba shi da sana'ar.

"Ni in kai kaina inda za a riƙa ƙarata?" in ji Kurege. "Ni da na ba Kunkuru hayar ƙoƙon bayansa?" Ya goga wutsiya a gindin tukunyar miya, ta yi baƙi ƙirin.

Da gari ya waye, Beguwa ta zo da 'ya'ya huɗu. Ya kaɗa mata wutsiya, ya karɓi kwanon gyaɗa la'ada, ya sa ta a rami mai rufi kamar rariya. Ruwan farko ya jiƙe yaran, ta ce sai Zaure.

"Huta, Iya," in ji Kurege, "wakilinsu zai zo har gida."

Gogan ya zagaya, ya naɗa rawanin ganyen ayaba, ya dawo yana kaurara murya. Ya dubi rufin ya ce, "Tagogi ne, baiwar Allah, kyauta aka ƙara miki." Ya karɓi ladan zama. Haka ya yi wa Kura, har tana godiya.

Da gari ya waye, Ɓauna ta jera dillalai a gaban 'yan haya. Kurege ya shige gaba yana taƙama, bai san ita ba ta duba da ido ba, lasa take yi, don baba na gaske ba ya zuba. Ta lashi wutsiyar. Harshe ya yi baƙi.

"Malam Kurege," ta ce tana tanɗe baki, "yaushe Giwa ta fara sa daddawa a rini?"

Beguwa ta juya masa baya. Ƙahon Ɓauna ya ƙarasa sauran.

Can bayan dutse yana zare ƙaya yana nishi, ya ce, "Kuskurena ɗaya, tukunyar miya. Gaba ta ruwan zafi zan nema."

Ƙurunƙus, kan Kurege da ƙulu.