Fila a Ƙashin Fiffike

Akwai wani mai fentin mota da ake wa laƙabi da Sumul. Gwani ne, amma yana da hali guda: bai iya cewa "na yi kuskure" ba. In abu ya ɓaci a hannunsa, sai ya cike wurin da fila, kwaɓin nan da ake toshe lotsawar mota da shi, ya goge da samfefa, ya fesa fenti, ya yi gum da bakinsa.

Yayansa kafinta ne, kuma ba abin da yake ƙauna irin ƙera jiragen sama na wasa, masu tashi da rimot. Da idanunsa suka fara dushewa, sai ya tattara sauran ƙarfinsa a kan wani ƙaton jirgi, wanda fiffikensa ya fi tsawon mutum. Shekaru ya yi yana fama da shi, ya kuma san daga shi ba zai sake ƙera wani ba.

"Ga shi nan, ƙanena," in ji yayan. "Fenti kawai ya rage. So nake in gan shi a sama tun ina iya gani."

A gareji, garin juya fiffiken, sai ya suɓuce wa Sumul ya bugi bakin benci. Ƙashin fiffiken, wato dogon katakon da ke ɗauke da duk nauyin jirgin, ya tsage daga gindi. Sumul ya tsaya yana kallon tsagar. Ya sani sarai fila ba ta ɗaukar nauyi, kuma da ya faɗa, yayan zai canza katakon. Amma buɗe bakin ne ya gagara. Ya kwaɓa fila ya cike, ya goge, ya fesa ja mai sheƙi.

Ranar tashi suka fita fili tare da abokan yayan. Jirgin ya ruga, ya ɗaga, ya lula sama gwanin sha'awa. Yayan ya kare rana da tafin hannu yana murmushi, abokinsa na riƙe da rimot. Da aka karkata jirgin zai yi kwana, sai aka ji ƙas! Fiffiken hagu ya naɗe, jirgin ya yo ƙasa yana juyi, ya tarwatse.

Yayan ya taka a hankali, ya durƙusa yana laluben tarkacen. Ya ɗago guntun ƙashin, ya murza bakin karayar, wani farin gari ya maƙale masa a yatsa. Ya shinshina. Sumul na tsaye kamar an dasa shi, ba ya jin komai, ko kunyar ma ta ƙi zuwa.

"Aikinka ya yi kyau," in ji yayan, ba tare da ya ɗago kai ba. "Ko da idona garau, da ban gane ba."

Suna gaisawa har yau, suna haɗuwa a gidan mahaifiyarsu, amma ko kofin ruwa yayan bai sake miƙa masa ya riƙe ba. Kafin shekara ta zagayo, idanun yayan suka daina gani gaba ɗaya.

Mai karatu, kuskure ba ya kashe zumunci, ɓoye shi ne ke kashewa. In amana ta lalace a hannunka, faɗi tun ana iya gyarawa. Kunyar faɗa ta ɗan lokaci ce, amma abin da ka rufe zai karye ne a lokacin da aka fi dogara da shi.