Ranar da Kitsen Yaya Ya Ba da Shaida

Akwai wata mata mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, wadda abokan aikinta suka laƙaba wa suna Anti Sau-Uku. Ba ta yarda da awo ɗaya. Duk abin da ta auna, sai ta maimaita shi har sau uku kafin ta ɗora biro a takarda. In ana sauri aka ga ta sake ɗaukar kwalba, sai wani ya ce, "To, a shimfiɗa tabarma, Anti ta fara." Ita kuwa daga murmushi ba ta ƙarawa.

Ban da awon jini na kullum, akwai wani bincike da aka damƙa mata. Idan za a yi dashen ƙoda, akan nemi izinin mai bayarwa da mai karɓa a yanki ɗan kitse daga jikinsu, bai fi kan ɗan yatsa ba. Anti takan ware ƙwayoyin kitsen, ta raba su kwalba biyu. Ɗaya ta bar ta haka nan. Ɗayar ta ɗiga mata maganin da masu dashe ke sha don kada garkuwar jikinsu ta yaƙi sabuwar ƙoda. Sannan ta zuba wa kowace sukari da insulin, sinadarin da ke sa jiki ya sha sukari, ta auna yawan sukarin da suka shanye.

Sakamakon takan rubuta shi a wani ƙaton littafi mai baƙin bango, da lamba, ba da suna ba.

Cikin waɗanda aka yi wa dashe akwai wani kafinta, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Yayarsa ce ta ba shi ƙoda, ita kuma ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Har ya fara furfura ba ta daina kiransa Auta ba.

Wata biyar bayan aikin, sukarin jininsa ya hau. Likita ya dubi takarda, ya dubi Kafinta ta saman gilashinsa.

"Me kake ci a ɓoye?"

"Wallahi likita, ko shayi ba na sa wa sukari."

"Duk haka kuke cewa."

Yaya na zaune a gefe, maganar nan kuwa ta shige ta. Daga ranar ta tasa shi a gaba. Takan faɗo shagonsa ba sallama, ta buɗe akwatin kayan aiki, ta birkice ƙusoshi tana neman takardar alawa. Ta shinshina kofinsa. Ta ja kunnen mai kantin da ke kusa da shi. Ta sa matarsa ta kulle gwangwanin sukari a cikin durowa.

"Na yanki naman jikina na ba ka, Auta," in ji ta, "kai kuma za ka jiƙa shi a ruwan zaƙi? Tun kana tatata nake kama ka da hannu a gwangwani."

"Yaya, shekara arba'in fa ke nan."

"Mai hali ba ya fasa halinsa."

Wata safiya jinin Kafinta ya zo teburin Anti, domin a auna yawan maganin da ke jikinsa. Ta auna, ta ga kusan babu. Ta sake, haka. Ta canza kwalba ta auna na uku, bai motsa ba. Ta cire safar hannu ta nufi ofishin likita.

"Na'urarku ce," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba. "A sake ɗiba ranar da zai dawo, nan da mako biyu."

"Na'urar lafiyarta ƙalau, likita. Na gwada ta da jinin mutum shida yau. In babu magani a jikin mutumin nan, ƙodar ba za ta jira mako biyu ba."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma bar bakin ƙofa ba. Ganin ba za ta gusa ba, likita ya ce a kira shi.

Kafin azahar Kafinta ya iso, da garin katako a gashin kansa, Yaya na biye da shi tana haki. Yayin da Yaya ta tafi karɓo kati, Anti ta zauna kusa da shi a benci.

"Malam, yaushe rabonka da maganin?"

Ya sunkuyar da kai yana murza yatsu. "Yau kwana huɗu."

"Ƙarewa ya yi?"

"Yana nan. Ni na lura tun da aka ƙara min shi sukarin ya tashi. Na faɗa, ba wanda ya saurara. Sai na ce bari in ajiye shi mako guda, in sukarin ya sauka in kawo wa Yaya takarda ta gani da idonta. Ciwon na iya jure shi, Anti. Kallon ɓarawo da take min ne ya gagare ni."

Anti ta dube shi. Ta ga mutum na shirin rasa ƙoda don ya wanke sunansa a wurin wadda ta ba shi ita.

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta koma wurin likita ta gaya masa komai, aka ba Kafinta magani nan take, aka ɗebi jini don duba lafiyar ƙodar. Sannan ta roƙi abu ɗaya: a duba mata wace lamba ce ta Yaya a cikin binciken, in Yayar ta yarda a buɗe sakamakonta a gabansu.

Yaya ta ce, "A buɗe mana. Ni me zan ɓoye?"

Anti ta kawo baƙin littafin, ta buɗe shafin ranar tiyatarsu.

"Yaya, kin tuna ɗan kitsen da kika yarda aka ɗiba?"

"Na tuna. Har na ce su ƙara da na gefen nan, suka ƙi."

"To ga shi. Kitsen jikinmu na cikin masu kwashe sukari daga jini. Insulin ya ƙwanƙwasa, ƙwayoyin su buɗe ƙofa, sukari ya shiga. Wannan layin kitsenki ne da ba a ɗiga wa magani ba, ya sha sukarinsa yadda ya kamata. Wannan kuma kitsenki ne da na ɗiga wa irin maganin da ƙaninki ke sha. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya bari a waje."

Yaya ta matso da fuska. "Kitsena? Ni da rabona da sukari tun kafin a haifi babbar 'yarsa?"

"Naki. A cikin kwalba yake, ba shi da baki, ba shi da aljihu, ba ya zuwa kanti. Sau uku na auna."

Likita ya jawo littafin, ya yi ta buɗe shafuka baya, yana bin layukan da yatsa. An daɗe da aiko masa da rahoton binciken, bai samu ya karanta ba.

"Kwalba ba mutum ba ce," in ji Anti a hankali, "kuma ba kowa abin ke kamawa haka ba. Amma ya isa a saurari mutum in ya ce bai ci ba."

Likita ya cire gilashinsa. "Malam, na yi maka gaggawa, ka yi haƙuri. Maganin nan shi ke tsare ƙodarka, ba a ajiye shi ko na yini ɗaya. Za mu daidaita yawansa, mu ba ka na sukari."

Da la'asar awon ƙodar ya fito. Ta fara nuna alamar wahala, amma an cim mata da wuri. Aka kwantar da shi kwana uku ana lura da shi.

Yaya ta zauna a bakin gadon, ta daɗe tana kaɗe garin katako daga gashinsa.

"Ashe kitsena ma ɓarawo ne," ta ce. "Ka yafe min, Auta. Amma ka sake ajiye maganin nan, da hannuna zan zare ƙodata."

Kafinta ya yi dariya har sai da ya share ƙwalla.

Bayan wata guda, aka kawo wata kujera mai tsayi ɗakin gwaje-gwaje, daidai tsayin teburin Anti, an goge ta sumul. Ƙafa uku gare ta. Kafinta ya aiko da saƙo cewa ya auna kowace ƙafa sau uku. Tun daga ranar da abokan aikinta suka ji labarin, ba a sake jin mai neman tabarma ba in Anti ta ɗauki kwalba.

Darasi: Kada mu yi saurin ɗora wa mara lafiya laifin ciwonsa, domin zargi na iya tura shi ga abin da ya fi ciwon haɗari. Wanda yake shan magani ya ga canji a jikinsa, ya koma wurin likita ya faɗa har sai an ji shi, kada ya ajiye maganin da kansa. Mu kuma girmama masu aiki a natse, waɗanda haƙurinsu ke ceton rai ba tare da an ji muryarsu ba. Ku tura wa duk wanda ke jinyar wani nasa.