Akwatin Sifana da Ya Watse a Unguwa

Gatanan gatananku, jama'ar wannan shafi. Wanda yake riƙe da waya ya amsa a zuci: ta zo mu ji ta.

Akwai wani direban motar burodi da ake kira Ba-komai. Sunan ya samo asali ne daga bakinsa. Ka taka shi, ya ce ba komai. Ka ari kayansa ka manta, ka zo kana soshe-soshen ƙeya, ya ce ba komai.

Yana da wata tsohuwar ƙaramar mota ta kansa, da akwatin ƙarfe na kayan gyara da ya gada daga mahaifinsa, wanda ya koya masa aikin inji. Wannan akwati shi ne rijiyar unguwa. Kowa ya zo ya ɗiba.

A lokacin matarsa na da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. Gidansu kuma yana can ƙarshen gari, inda 'yan tasi ba sa son shiga saboda ramuka. Wannan tsohuwar mota ce kaɗai abin da za ta kai ta asibiti.

Sai ga shi injin ya fara wata ƙara da safe, kacau-kacau, kamar ana kaɗa cokula a cikin gwangwani. Ba-komai ya san muryar. Sarƙar taimin ce ta saki, wato sarƙar da ke haɗa sama da ƙasan inji su riƙa juyawa tare. In ta tsinke a hanya, injin ya tashi daga aiki.

Ya sayo sabuwa. Ranar hutunsa da sassafe ya ɗaga bonet a ƙofar gida, ya juye ruwan lagireto mai sanyaya inji, ya cire fanbel, wato bel ɗin fanka, sannan ya jawo akwati ya buɗe.

Fulaya ɗaya ce a ciki, da tsumma.

Matarsa tana zaune a kujerar roba a bakin ƙofa, ƙafafunta a kumbure. Ta leƙa ta ce, "Maigida, da tsumman za ka kwance injin, ko da haƙori?"

Ranar kam ransa ya ɓaci. Ya ce, "Yau zan bi gida-gida in kwaso kayana. Gobe kuma kwaɗo zan sa wa akwatin nan."

"Allah ya nuna mini," in ji ta. "Ni dai ka hanzarta, baƙon nan ba ya jiran kowa."

Ya fara da shagon tela. Ya tarar da shi ya wargaza keken ɗinkinsa a kan tabarma, sukudirebobin Ba-komai a hannunsa, ga kayan 'yan makaranta tuli suna jiran ɗinki. Tela ya ɗago a rikice ya ce, "Yaya, ka ga halin da nake ciki."

Ba-komai ya buɗe baki zai yi faɗan da ya shirya tun daga gida. Ya dubi tulin kayan, ya dubi gumin tela, sai ya ce, "Gama aikinka. In ka gama ka aiko mini, motar ce na buɗe saboda mai ciki."

A wurin mai aski, sifanonin Ba-komai suna ƙarƙashin janareta, ga mutum a kujera an aske masa rabin kai. A wurin mai walda, jak ɗin ɗaga motar Ba-komai ne ke tallafe da wata ƙofar ƙarfe da ake kan liƙawa. Duk inda ya je, maganar ɗaya ya bari.

Ya dawo gida hannu na dukan cinya. Matarsa ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Sannu da faɗa. Na ji ihunka tun daga nan."

Ya zauna a kan taya yana kallon injin, yana tunanin ko dai shi wawa ne kamar yadda wasu ke faɗa a bayan idonsa.

Kafin rana ta take, sai ga tela da sukudirebobi a aljihu. Bayansa mai aski da sifanoni a cikin tawul. Can kuma mai walda, wani ƙato mai faɗin kafaɗa, ya saɓo jak kamar ya ɗauko kaza. Babu wanda ya aiko yaro, kowa da ƙafarsa ya zo, kuma babu wanda ya juya.

"Na rufe shago," in ji mai aski. "Mai rabin kai na gama masa, sauran su zauna da sumarsu."

Aiki ya kankama. Babban notin ƙasan inji ya ƙi motsi, Ba-komai ya ja har idonsa ya yi ja. Mai walda ya ce, "Matsa, ɗan burodi." Ya zura dogon bututu a kan sifana, ya danna sau ɗaya, noti ya yi ƙara ya saki.

Suka cire murfin sarƙa, ga tsohuwar sarƙa tana lilo kamar igiyar shanya. Ba-komai ya yi musu bayani cewa akwai alama a faifan haƙora na sama, akwai a na ƙasa, kuma dole kowace ta dace da tata a jikin sabuwar sarƙa. Haƙori ɗaya aka kuskure, injin zai cinye kansa.

Alamar ƙasa ta ɓuya a lungu. Mai aski ya ruga shago ya ɗauko madubin da yake nuna wa mutane ƙeyarsu, ya karkata shi ƙarƙashin inji. Tela ya duƙa da allin ɗinkinsa ya ce, "Ku ba ni wuri. Mai zura zare a allura ba zai rasa wannan ba." Ya gano ta, ya shafa mata fari. Suka ɗora sabuwar sarƙa, alamomi suka dace.

Ana cikin ɗaure murfi, matar Ba-komai ta kira daga bakin ƙofa, muryarta ta canja. "Maigida. Lokaci ya yi."

Ba-komai ya waiga da sauri, har noti ya faɗi ƙasa. Tela ya tsince shi ya ɗaura. Mai aski ya cika lagireto, mai walda ya mayar da fanbel. Ba-komai ya zaro makulli zai tayar, sai ya tsaya, ya ja numfashi. Ya ce, "A fara juya shi da hannu. In akwai kuskure, gara mu ji shi a nan."

Mai walda ya sa sifana ya juya injin a hankali, ya sake zagayowa. Babu inda ya cije. Alamomi suka dawo daidai.

Aka murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta kama, ta ci gaba da wani lallausan gurnani kamar kyanwar da ta ƙoshi.

Matar tela ta shiga baya ta riƙe mai naƙuda, mai aski ya zauna gaba yana nuna ramuka, sauran suka biyo a babur. Kafin la'asar aka haifi 'ya mace, lafiya lau ita da uwarta.

Nas ta fito ta ga maza huɗu a jere, baƙin mai har gwiwar hannu, kowa baki har kunne. Ta ce, "Wane ne uban a cikinku? To, ko wane ne, ga sabulu can. Ba mai taɓa mini jaririya da wannan hannu."

Da Ba-komai ya wanke hannu ya shiga, ya ɗauki 'yarsa, sai ya sunkuya ya tambayi matarsa, "Kin ji ƙarar injin a hanya kuwa?"

Ta yi murmushin gajiya ta ce, "Ina zan ji? Ai yau ni na fi shi ƙara."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, labari ya isa gida lafiya.

Darasi: Abin da ka ba maƙwabci aro da fuska a sake, ko ya daɗe, ranar da ka matsu zai dawo, kuma mai shi zai biyo shi da hannayensa biyu. Kada ɓacin ran yini ɗaya ya sa ka rufe ƙofar alheri. Ku tura wa 'yan uwa da maƙwabta, musamman wanda har yanzu sifanar wani take gidansa.