Shekarar da Ɗorawar Gwaggo Furera Ta Ƙi 'Ya'ya

Akwai wani ɗan unguwarmu a Birnin Gwari da nake son in ba ku labarinsa, 'yan uwa mabiya wannan shafi. Amma ku bari in fara da abin da na tarar a gida, don labarin ba zai zauna ba sai da shi.

Shekara shida na yi a Legas ban leƙo ba. Da na sauka a tasha a watan Janairun bana, bishiyar da muke fakewa a inuwarta muna jiran mota babu ita, sai rumfar kwano. Buhunan gawayi ne jere a bakin titi, tulin ya fi ni tsawo. 'Yan uwanmu na Randagi da Kutemeshi da yawa sun baro gonakinsu saboda rashin tsaro, sun cika ɗakunan cikin gari. Fartanya ta yi tsatsa, kowa da tankin feshi a baya. Rafin da muka koyi iyo a cikinsa duk ramukan masu haƙar zinare ne. Dajin da nake hangowa baƙi ƙirin daga bayan gidanmu kuwa, yanzu sai ka ƙanƙance ido kafin ka ga inda ya fara.

Abu ɗaya ne na ga ya ƙaru: jemagu.

A ƙarshen unguwarmu akwai tsofaffin mangwarori uku. Muna yara 'yan tsiraru ne ke maƙalewa a jikinsu. Bana na tarar rassa har sun ranƙwafa, kamar an shanya baƙaƙen tsummoki.

Filin da mangwarorin suke, Alhaji Nu'uman ne ya saya. Dillalin gawayi ne, motoci na ɗaukar masa kaya zuwa Kaduna. Ya gina gida a wurin, farin fenti, shuɗin kwano, ga sola a sama. Ba zan zalunce shi ba, yana da kyauta. Amma in ya kafe a kan magana, ko liman sai ya lallaɓa.

Jemagun nan suka hana shi sakat. Kashinsu a farin bango, a gilashin mota, a kan shanyar matarsa Bushira, wadda a lokacin cikinta ya tsufa. Ranar da wani baƙonsa ya fito daga mota kashi ya sauka masa a kan sabuwar hula, ranar Alhaji ya rantse sai sun bar masa gida.

Yanzu bari in gaya muku wace ce Gwaggo Furera.

Ƙanwar mahaifin Alhaji ce, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsa. Duk unguwa Gwaggo muke ce mata. Shekara arba'in tana daddawa, kuma wanda ya taɓa shan miyarta ba ya mantawa. A wajenmu gadon gona daban, gadon ɗorawa daban, sai ka ga gona ta wani ce bishiyar cikinta ta wata. Gwaggo ta gaji ɗorawa goma sha ɗaya daga mahaifiyarta. Bakwai suna Kutemeshi, rabonta da ganinsu shekara huɗu. Saura huɗu ne a bayan gari, tafiya kaɗan daga mangwarorin nan.

Waɗannan huɗun su ne tuwonta, su ne sabulunta da zanen sallarta. Saboda su ne ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba, har shi Nu'uman ɗin. Sau nawa ya ce ta bar wahalar tukunya ta dawo gidansa, ta ce sai ranar da hannunta ya kasa ɗaga muciya.

A watan Fabrairu ɗorawa ta fara fure, jajayen nan masu kama da ƙwallo suna lilo a kan dogon sili. A makon ne Alhaji ya sa aka tara tsofaffin tayoyi a gindin mangwarorin, aka cinna wuta da hantsi. Baƙin hayaƙi ya rufe unguwa. Jemagu suka riƙa tashi suna karo da juna, waɗansu na faɗowa.

Ina tsaye a wurin sai ga Gwaggo da sandarta, tana tari. Ta sunkuya ta ɗauki wani da ya faɗo, ta riƙe shi ta fiffike.

"Nu'umanu, zo ka duba fuskarsa."

"Gwaggo, don Allah ki yar da ƙazantar nan."

"Na ce ka duba. Wannan garin rawaya da ke hancinsa, a ina ya samo shi? Na furen ɗorawata ne. Da magariba suke tashi su bi fure suna lasa, su ɗauki na wannan bishiya su kai wa waccan. Innata ba ta taɓa yarda a jefi jemage ba in ɗorawa na fure. Ka ba ni sati huɗu. In fure ya faɗi, ka yi yadda ka ga dama."

Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya tambayi mutanen da suka taru ko tun yaushe jemage ya zama ɗan ƙwadago. Ya ce abin da Allah ya rubuta bishiya za ta haifa sai ta haifa, kuma shi ba zai ƙara kwana ko ɗaya cikin wari ba.

"Ko ɗorawar ta ƙi, Gwaggo, ina raye za ki rasa abinci?"

"Ban ce maka ina jin yunwa ba," in ji ta.

Na sa baki na ce ai ko ƙudan zuma ma sun yi ƙaranci tun da feshi ya yawaita, in aka kori waɗannan me ya rage wa furen? Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce wanda ya shekara shida a Legas ya dawo da jaka ɗaya ba shi zai koya masa zaman gida ba. Aka yi dariya. Na haɗiye, amma har yau ban manta ba.

Gwaggo ta kai kuka wurin mai unguwa. Ya saurare ta tsaf, ya ce fili na Alhaji ne, ɗorawa tata ce, jemage kuwa ba na kowa ba ne, don haka bai ga inda zai kama ba. Ta dawo gida.

Kwana uku ana hayaƙi. Jemagun su tafi, gari na wayewa su dawo. Ba su da wani wurin zuwa ne, amma Alhaji ya ɗauke shi a matsayin raini. A rana ta huɗu ya kira masu injin yankan itace. Kafin la'asar mangwarori uku da suka girmi kowa a unguwar suna kwance a ƙasa. Jemagun suka yi ta shawagi a sama da rana tsaka, shirwa na tsintar na tsinta, sannan suka miƙe wajen yamma. Itacen ma bai tafi a banza ba, gawayi aka yi da shi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, bana ɗorawar Gwaggo ta yi furen da ban taɓa gani ba. Ja wur, tun daga nesa kake hango ta. Mata suka riƙa zolayar Gwaggo a hanyar rijiya, wai 'yan aikinta sun gudu amma gona ta yi kyau. Alhaji ma ya aika Bushira ta gaya mata ɗorawa ba ta san an yi tafiya ba.

Gwaggo dai kullum da safe tana gindin bishiyoyin, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo.

Fure ya bushe, ya fara zubowa. A kan silin da ya kamata ka ga curin 'ya'ya na reto, sai ka ga ɗaya, wani biyu, mafi yawa fayau. Da lokacin girbi ya yi, bishiya huɗun da kan cika mata ɗaki ba su cika kwando biyu ba. A kasuwa kuma kalwa ta yi tsadar da ba ta taɓuwa. Gwaggo ta wanke babbar tukunyarta, ta kife ta a kan murhu.

Ana cikin haka Bushira ta haihu, namiji. Alhaji ya shiga shirin suna, yana ta gaya wa abokansa na Kaduna su zo da yunwarsu, za su sha miyar da babu irinta. Shi dama tun yana yaro ba ya shan miyar da aka yi da dunƙulen kanti, sai daddawar Gwaggo. Ya aika a karɓo ta suna.

Ba ta bayar ba. Da kanta ta zo, saura kwana biyu, da ƙwarya a ka an rufe da faifai. Ta tarar da shi a ƙofar gida tare da Bakoji, wani dattijon makiyayi da ya kawo ragon suna. Ni ma ina gefe, an sa ni kama igiya. Ta ajiye ƙwaryar a gabansa.

Ya ɗaga faifai yana murmushi. Busassun furen ɗorawa ne cike da ƙwarya, waɗanda ta share a gindin bishiya.

"Ga daddawar bana," ta ce. "A yi wa baƙi miya."

Alhaji ya buɗe baki, ya ce wataƙila zafi ne ya yi yawa, ko shekara ce ta zo a haka ko'ina. Bakoji ya girgiza kai. Ya ce shi dai a wajen rugarsu, can bakin rafi, ɗorawa har reshe na karyewa don nauyin 'ya'ya, kuma zafin nan ɗaya ne da na gari. Ya ce tun wata biyu da suka wuce jemagu suka cika manyan itatuwan da suka rage a wurin, har shanu na firgita da kukansu.

Sannan ya gyara sandarsa a kafaɗa.

"Alhaji, kai ne ka sare musu gida a daji, suka biyo ka gari. Ka sare na gari, suka zo wurinmu. Jiya kuma na ga mutanenka da inji suna zagaya itatuwan bakin rafin. To ina kake so su je? Ko sama za su gina ruga?"

Babu wanda ya yi dariya. Alhaji ya ciro waya, ya kira shugaban masu yi masa sara, ya ce kada a taɓa ko reshe ɗaya a bakin rafi. Muna jin muryar mutumin daga wayar yana cewa to, amma fa akwai wasu dillalai biyu da suka riga suka sa ido a wurin, in bai sare ba su za su sare.

Aka yi suna da miyar dunƙule. Baƙi suka ci suka yaba, don ba su san abin da suka rasa ba. Alhaji ya yi loma biyu ya wanke hannu.

Washegari ya sa aka kai wa Gwaggo buhun kalwa daga kasuwa. Buhun na nan a zaurenta, ba ta kwance bakinsa ba. Ta ce daddawar da aka yi da kalwar kyauta, mai kalwar ne ya yi ta. Amma ciki ba ya jiran shekara. Yanzu kullum da azahar Bushira na aika mata kwanon abinci, kuma tana karɓa. Abin da ta shekara arba'in tana gudu ke nan. Duk ranar da kwanon zai fita, Alhaji kan kawar da kai.

Da ruwan farko ya sauka ya dasa 'ya'yan mangwaro shida a inda ya sare uku, ya kewaye su da ƙaya. Ya je ya ɗauko Gwaggo a mota don ta gani. Ta dube su, tsawonsu bai kai gwiwarta ba.

"Sun yi kyau, Allah ya raya," ta ce. "Ranar da suka kai jemage ya rataya a jikinsu, ka gaya wa jaririn nan naka an taɓa yin wata tsohuwa da ta roƙi sati huɗu."

Shekaranjiya da hantsi na sake hango baƙin hayaƙin taya, wannan karon a wata unguwa, a gindin wani maɗaci. Na je da sauri na ba masu ƙona tayar labarin nan tun daga farko. Wani ya tambaye ni ko lauyan jemagu ne ni. Aka ƙara taya.

Shi ya sa nake rubuta muku wannan ga jakata a buɗe a kan tabarma. Gobe in Allah ya kai mu zan bi motar safe. Ɗazu na je sallama wurin Gwaggo, ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin daddawa uku a cikin ganye, na kalwar bara, su ne na ƙarshe. Ta ce in ci a hankali. Na cusa su a tsakiyar kayana. Ko rigunan za su yi wari har Legas, su yi.

Darasi: Duk abin da Allah ya halitta yana kan wani aiki, ko da kai kashinsa kawai kake gani a bangonka. Kafin ka kori wata halitta ko ka sare wata bishiya, tambayi tsofaffin wurin abincin wa ke rataye a jikinta, in kuma an roƙe ka haƙurin kwanaki, ka yi, don abin da aka kayar a yini ɗaya sai jikoki su ga madadinsa. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa, musamman wanda kuka san yana da taya da ashana a hannu.