Ƙafar da Zalɓe Ya Ɓoye

Dalilin da ya sa, yara, in ruwan teku ya kawo za ku ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ga shi.

Da can Zalɓe tsuntsun kogi ne, bai san teku ba. A kogi kuwa, in ruwa ya janye da rani, sai kuma damina. Wata shekara kogin ya ƙafe ƙaf, ya kwashi matarsa suka gangara kudu. Suka iske teku ya ja baya, ga yashi fetal. Ya ce rani ya yi a nan ma, ya yi musu sheƙa. Matar ta sa ƙwai, ta bar masa gadi, ta tafi neman kifi.

Sai ga tsohuwa Ƙaguwa ta leƙo daga raminta. Ta ce ya kwashe kayansa, mai wurin na nan dawowa kafin la'asar.

Zalɓe ya duba sama ya ce, "Gwaggo, ina hadarin yake?"

Ta ce, "Ɗan nan, wannan ruwan ba ya jiran hadari." Ta shige raminta.

Azahar na wucewa ya ji sanyi a yatsunsa. Ya ce feshi ne. Igiyar ruwa ta zo ta lashi bakin sheƙa ta koma. Ya waiga, hanyar tudu ta zama ruwa. Ya kira matarsa, iska ta kwashe muryar. Ya gwada ɗaukar ƙwan da baki, yana zamewa. In ya tashi sama ya tsira, amma ƙwan fa?

Igiya ta gaba ta tafi da sheƙar. Ya yi wuf ya damƙe ƙwan da yatsun ƙafa, ya naɗe ƙafar cikin gashin cikinsa. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya. Yashi na zarewa ƙarƙashin ƙafa ɗayan da ya tsaya a kai. Ƙananan kifaye na gilmawa ta gabansa, ga yunwa, bai ko sunkuya ba.

Sai da rana ta yi ja ruwan ya fara komawa. Matar ta sauko tana kuka, ta ga babu sheƙa. Ya sauke ƙafar a hankali. Ƙwan na nan da ɗuminsa.

Shi ya sa har yau, in ruwa ya kawo, zalɓe ke tsayawa da ƙafa ɗaya, masu zuwa kallon tsuntsaye da madubin hangen nesa su ce hutawa yake. Ba hutu ba ne, yara. Bai yarda da ruwan nan ba har gobe.