Ƙwan Gamsheƙa a Gidan Haya

Mijin 'yata ne ya kashe ta. Bai ɗaga mata hannu ba, bakinsa kawai ya rufe, yana kallonta har rai ya fita. Masu ce mini "Inna ki yi haƙuri, kwananta ne ya ƙare", na ji ku. Na san kwana yana ƙarewa. Amma ku zauna ku ji yadda nata ya ƙare, ya 'yan uwa, in kun gama ji sai ku sake cewa in yi shiru. Ban yi nisa a allo ba, ba zan jawo muku aya in yi wa Allah ƙarya ba. Sunansa ma ba zan kama ba, don jikata Fati da sunan nan ake kiranta a makaranta.

An yi wani mutum a unguwar Fadaman Mada, mai facin taya a bakin titi. Yana da mata Habibatu, 'yata ke nan, da 'ya ɗaya, Fati, da ɗaki biyu a gidan hayar Alhaji Sabitu. Allah bai hana shi abin sakawa a baki ba. Abin da ke cinsa a rai shi ne shekara goma sha biyar yana duƙe kan taya, ba wanda ya taɓa tsayawa ya kalli fuskarsa.

Ran nan ya je kasuwar Wunti sayen gam, ya tarar da gardi yana wasa da maciji. Mutane sun yi da'ira, masu mota suna rage gudu, ana yi wa gardin kirari. Mutumin nan ya tsaya har aka watse. Tun daga ranar zuciyarsa ba ta koma kan taya ba.

Aka kwatanta masa wani Jalo a Inkil, mai kama macizai yana sayar wa masu wasa. Ya je. Jalo ya fito da jaka uku ya ajiye a gindin darbejiya. Ya kwance ta farko, baƙin kumurci ya leƙo.

"Wannan tofi yake yi a ido," in ji Jalo. "Idonka biyu ne, ko kana da na ajiya a gida?"

Ya kwance ta biyu, wata siririyar gamsheƙa ta miƙe ta fasa kai tana huci. Mai faci ya yi tsalle baya har takalminsa ya fita. Jalo ya yi dariya.

"Ita ma ba taka ba ce, ba ta san mutunci ba. Ga taka nan."

Ta cikin jaka ta ukun ƙatuwar gamsheƙa ce, mai ƙiba, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Hajiya ke nan. Ɗan koyo da irin Hajiya yake farawa. Ka rataya ta a wuya ka zaga gari, ba ruwanta da kai."

"Malam Jalo, ba ta cizo?"

"Da me? Shekaranjiya na cire mata haƙora da hannuna. Ko tuwo sai ka tauna mata."

Jalo ya ce masa ya samu akwatin katako, ya huda ramukan shan iska, ya zuba yashi mai danshi a ƙasa, ya kulle shi da kwaɗo, ya riƙa ciyar da ita da kwaɗi. Duk ya faɗa. Abu ɗaya ya riƙe a cikinsa: ƙibar nan ba ta ƙoshi ba ce, ƙwai ne. Macijiya mai ƙwai ba ta tashi wasa, shi ya sa ya nema mata sakarai.

Mutumin nan ya kawo ta gida a ɓoye, ya sa akwatin a wani ɗan ɗaki na bayan gida inda yake tara tsofaffin tayoyi. Ya huda ramuka kamar faɗin ƙaramin yatsa. Ya duba kaurin macijiyar, ya duba ramukan, ya ce ko aljana ce ba ta fita ta nan. Gidan kuwa ɗaki takwas ne, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, yara sun fi goma suna yawo ƙafa ba takalmi.

Maƙwabciyarsu Dorcas, mai sayar da kunu, a ƙauye ta tashi. Ta ga mutum kullum yana shigowa da kwaɗi a leda.

"Baban Fati, miyan kwaɗo za a yi mana ne?"

Ya ce magani ake haɗa masa. Ba ta yarda ba, ta kai maganar wurin mai gida. Alhaji Sabitu ya zo ya tara mutane a tsakar gida ya tambaye shi. Mutumin nan ya ɗaga yatsa sama ya ce wallahi tallahi, ya rantse da Alƙur'ani babu maciji a gidan nan. Habibatu ta tsaya gefensa ta ce mijinta bai taɓa rantsuwar ƙarya ba. Wata guda ba ta gaida Dorcas saboda shi.

Ya 'yan uwa, wanda ya sa sunan Allah ya kulle ƙofa, da me zai buɗe ta ran da wuta ta tashi a ciki?

Bayan sati biyu ya buɗe akwati ya ga ƙwai, farare, masu taushi kamar fata, goma sha tara. Macijiyar kuwa bakinta ya ruɓe inda aka cire haƙoran, ba a jima ba ta mutu, ya kai ta rafi ya yar. Da dutse ɗaya zai iya gamawa da ƙwan nan. Sai Shaiɗan ya raɗa masa: macizai goma sha tara, kai ne za ka zama Jalon Fadaman Mada. Ya kuma ce wa ransa ai yanzu rantsuwarsa ta zama gaskiya, babu maciji a gidan, ƙwai ne kawai. Ya riƙa yayyafa wa yashin ruwa yana mayar da kwaɗo yana kullewa.

Aka yi wata biyu. Ruwan farko ya sauka.

Ran wata Talata da hantsi ya buɗe akwatin. Ɓawo ne zube, kowanne an tsaga shi. 'Ya'ya uku ya tarar a ciki, siraran kamar fensir, kowanne ya fasa ɗan kansa yana kallonsa. Sauran sha shidan babu. A nan ya kalli ramukan da ya huda da hannunsa. Da uwa ya auna su, bai auna da 'ya'ya ba. Su kuwa ba wanda ya cire musu haƙori, kuma da dafinsu suke fitowa daga ƙwai.

Ya kashe ukun. Ya tsaya a bakin ɗakin tayoyi. Yana jin daka a tsakar gida, yana jin guga na faɗawa rijiya, yana jin Fati da 'ya'yan Dorcas suna 'yar ɓuya a bayan itace. Ihu ɗaya ake nema a wurinsa: kowa ya kwashi ɗansa ya fita. Ya buɗe baki. Sai ya tuna yatsan da ya ɗaga, da idon Dorcas, da kayansa a titi, da matarsa da ta tsaya masa. Ya mayar da bakin ya rufe. Ya ce zai kama su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda zai sani.

Kwana uku bai je bakin titi ba. Ya ce gyaran ɗakin tayoyi yake yi. Yana juya taya da sanda, zufa na zuba, har ya ƙara kashe bakwai. Ya hana Fati fita ɗaki. Ya ce wa matarsa ta riƙa sa takalmi ko ina za ta.

"Yau kuma wace irin soyayya ce ta motsa, Baban Fati?" ta ce tana dariya.

Shi ma ya yi dariya. Ku ji fa, dariya ya yi.

Ran Juma'a da safe Habibatu ta sa hannu a buhun gawayi za ta hura wuta. Ta fizge hannun ta ce wash, wani abu kamar igiyar takalmi ya sulale ƙarƙashin buhu. Mijin ya rugo ya kama yatsan, ya ga 'yan ɗigo biyu. Ya san abin da ya gani.

"Kunama ce," ya ce. "Ki kwanta, zai wuce."

Ya jiƙa mata wani garin magani da Jalo ya ba shi. Ta sha, don mijinta ne ya ba ta. Kafin azahar fatar idonta ta fara saukowa, tana ɗagawa da yatsa tana komawa. Yawu ya ƙi haɗiyuwa. Maza duk sun tafi masallaci. Dorcas, wadda aka yi wata ba a gaishe ta ba, ita ta shigo ɗakin.

"Baban Fati, wannan ba kunama ba ne fa. Kunama ba ya rufe wa mutum ido. Ka faɗa gaskiya, me ya cije shi?"

"Na ce miki kunama ce."

"Ka ji tsoron Allah!"

Ya sunkuyar da kai. Dorcas ta fita titi da gudu ta tare keke mai ƙafa uku, ta ciccibi Habibatu ita da wata mata. A asibiti likita ya tambaya har sau uku me ya sare ta, sai a na ukun mutumin nan ya ce gamsheƙa. Likita ya ce tun yaushe? Ya ce tun safe.

Daga unguwarmu Ɗan Iya aka ɗauko ni. Na tarar da idonta a rufe, bakinta ba ya motsi, amma tana ji. Na ce Habibatu, in kina jina ki matsa hannuna. Ta matsa. Na yi ta maimaita mata kalmar shahada tana matsawa, tana matsawa, har ana kiran la'asar ta daina.

Duk abin da na faɗa muku, mijin nata ne ya zayyana mini da bakinsa, yana durƙushe a ƙofar ɗakina ran sadakar uku. Ban ce ya tashi ba.

Mutanen gidan suka kwashe kaya a yini ɗaya. Mazan unguwa suka fitar da tayoyin suka ƙone, suka kashe huɗu. Biyar ba a gan su ba.

Shi kuwa kuna ganinsa. Shi ne wanda ke bin bakin kwata daga Fadaman Mada har Wunti da sanda, yana juya kowace taya, kowane gwangwani. Ba ya zama a ƙasa. In ya ga igiya sai ya ƙwalla ƙara. Yana ƙirga da yatsu, in ya kai sha huɗu sai ya tsaya ya sake daga farko. Yau kam mutane suna taruwa su kalle shi.

Ya 'yan uwa, kawo maciji cikin mutane wauta ce, rantsuwar ƙarya babban zunubi ne. Amma har ran Talatar nan ƙofar tuba a buɗe take masa, har safiyar Juma'a ma a buɗe take. Kunyar mutane ya ɗora sama da ran mutum. Duk wanda ya san akwai abin da zai cuci ɗan uwansa ya yi shiru don kada a ga laifinsa, to ya shirya amsa, don shirun nan za a tambaye shi. Ya Allah ka tsare mu daga jin kunyar bayinka fiye da tsoronka. Ka jiƙan Habibatu, ka raya abin da ta bari.

Ban gama ba.

Alhaji Sabitu ya yi wa gidan nan shuɗin fenti, ya zuba sababbin 'yan haya, baƙi waɗanda ba su san unguwar ba. Akwai wani Toma da matarsa Christiana, da yara uku, ƙaraminsu rarrafe yake yi. Su aka ba ɗakin 'yata. Na je har can na faɗa musu. Alhaji ya ce kada su kula ni, baƙin ciki ya taɓa mini kai. Ya ce macizan sun tafi daji. Wa ya raka su? Satin da ya wuce mai yasar rijiya ya tsinci saɓar maciji a bayan ɗakin tayoyi, tsawon hannuna, aka ce ya yi shiru.

Alhaji Sabitu, a gabanka aka yi rantsuwar nan tun farko, ka kuma ɗauki gawar da kafaɗarka. Ba ka da ta cewa ba ka sani ba. Ina so mai unguwa ya kira ka, da liman, da Toma a zaune, ka faɗi da bakinka guda nawa aka ƙyanƙyashe a gidanka, guda nawa aka kashe. A ɗauko Jalo daga Inkil shi ma ya faɗi abin da ya sani ran da ya kwance jaka ta uku. Yaron can yana rarrafe a tsakar gidan nan yanzu haka da nake magana. Ka fito ka amsa.